Haziƙan Yara Amana Ne A Hannunmu

Kowace shekara Hukumar Shirya Jarrabawa ta Ƙasa, watau NECO, ta kan yi shelar jarrabawar da a ke zaɓen yaran da za su shiga makarantar haziƙai ta Gwamnatin Tarayya da ke Suleja, a Jihar Neja. Muna roƙon kowane malamin firamare da ya karanta wannan sharhi ya tambayi kansa: tun da ya fara aiki, yara nawa daga makarantarsa suka taɓa zama wannan jarrabawa? Akawun ofishin ilmi shi ma ya tambayi kansa: takardar shela idan ta iso teburinsa, makarantu nawa ya kan aika wa, kwana nawa kuma ta kan yi cikin fayil kafin ta fita? Wanda ya amsa tambayoyin nan tsakaninsa da Allah ya riga ya fahimci rabin abin da mu ke so mu faɗa yau.

Ra'ayinmu shi ne wannan. Makarantar haziƙai da kuɗin jama'a a ke gina ta, har da harajin manomin da bai taɓa ganin ƙofarta ba. Saboda haka ba ta da hujjar zama sai in tana gano haziƙi duk inda ya ke, a birni ko a ruga, ta ba shi aikin da ya yi daidai da ƙwaƙwalwarsa, sa'an nan ta mai da shi ga jama'a ya yi musu amfani. In ƙofarta ta karkace, kome kyawun gininta da yawan littattafanta, ta zama hanyar ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi da dukiyar marar ƙarfi. Ƙofar nan kuwa tun daga ajin firamare da ofishin ilmi na ƙaramar hukuma ta ke farawa, mabuɗinta yana hannun malamai da akawuna.

ASALIN MAGANA

Zaɓen yara masu basira a ba su ilmi mai zurfi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun kafin zuwan boko, malamin zaure in ya ga almajirinsa ya fi tsararrakinsa fahimta, ya kan tura shi gaba wajen wanda ya fi shi sani, har neman ilmi ya kai shi wata ƙasa. Cikin irin waɗannan akwai Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, wanda ya shahara a lissafi, ya yi rubutu a kan hatimi, watau murabba'in lambobin da jimlarsu ta ke daidai ta kowace fuska, ya kuma rasu a Alƙahira cikin 1741.

Zamanin En'e tsani aka kafa mai hawa uku: elementare, midil, kwaleji. Ƙololuwarsa ita ce Kwalejin Katsina, wadda aka kafa cikin 1921, ta koma Kaduna cikin 1938, ta koma Zariya cikin 1949, aka raɗa mata suna Barewa cikin 1971. Tsanin nan yana da ƙunci ƙwarai, tun farko kuma an fi nufin 'ya'yan sarakuna da malamai da shi. Duk da haka ta kansa ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ba ɗan sarki ba ne, ya hau daga makarantar ƙauyensu zuwa ta Bauci, ya shiga Katsina cikin 1928, ya fito malami cikin 1933, ya zama Firayim Ministan Nijeriya cikin 1957.

Cikin 1977 Manufar Ilmi ta Ƙasa ta lissafa haziƙai cikin yaran da ke bukatar kulawa ta musamman, tare da makafi da kurame. A wannan shekarar ce Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda ba a shiga sai da jarrabawar zaɓe. Cikin 1986, sa'ad da Farfesa Jibril Aminu ya ke Ministan Ilmi, Gwamnatin Tarayya ta fid da tsarin ilmantad da haziƙai, cikin 1990 kuma makarantar Suleja ta fara aiki, an tsara ta a kan karatu da kwana da abinci kyauta. Daga baya, zamanin Gwamna Sule Lamido, Jihar Jigawa ta gina tata a Bamaina, kusa da Birnin Kudu. Makarantun nan dai suna nan. Abin da ya rage mana shi ne mu san dalilin kafa su, da ƙa'idodin da za su tsare su daga lalacewa.

DON ME A KE KEƁE SU?

Akwai masu cewa, maganarsu kuwa tana da nauyi: yaya za a kashe kuɗi mai yawa a kan yara 'yan kaɗan, alhali hukumar UNICEF ta ƙiyasta yara fiye da miliyan 10 a Nijeriya ba su zuwa makaranta? Haziƙi ai ko an bar shi zai fid da kansa. Ga amsarmu.

Haziƙin da ya kan fid da kansa galibi shi ne wanda ubansa ke da halin sayen littattafai da biyan makaranta mai tsada. Ɗan talaka in makarantar gwamnati ba ta kula da shi ba, babu mai kula da shi. Duk malamin da ya daɗe da alli a hannu ya san yadda abin ke faruwa. An rubuta lissafi goma a allo, yaro ya gama cikin minti biyar, sauran lokacin darasi yana zaune yana kallon taga. Yau haka, gobe haka, har shekara shida. Daga nan ɗayan biyu ne. Ko dai ya zama mai surutu da tsokana, ya yi ta shan bulala a ce ba ya jin magana, ko kuwa ya saba da cin jarrabawa ba tare da gumi ba, ran da ya gamu da ilmi mai wuya sai ya karaya, don ba a taɓa koya masa naci ba. Yarinya kuwa sau da yawa ta kan ɓoye saninta don kada a ce ta cika iyayi, kafin a farga an cire ta daga makaranta an ɗora mata talla. Tela ba ya yanka wa yaran gida riga da awo ɗaya don ya nuna adalci, kowa da awonsa ya ke yi masa. Yadda mai jinkirin fahimta ya ke da hakkin a jira shi, haka mai saurin fahimta ya ke da hakkin a sakar masa linzami. Wannan shi ne dalili na farko, watau hakkin yaron kansa.

Dalili na biyu shi ne bukatar ƙasa. Cikin 1957 Rasha ta harba kumbon Sputnik ya kewaya duniya. Hankalin Amurka ya tashi, cikin 1958 ta yi doka ta zuba kuɗi cikin koyar da lissafi da kimiyya da harsuna. Ita ma Rasha ba ta zauna ba. Cikin 1963 mashahurin masanin lissafin nan Kolmogorov ya kafa makarantar kwana a Mosko domin haziƙan yaran larduna, shi da kansa kuma ya riƙa shiga aji yana koya musu. Ƙasashen nan sun gane cewa likita gwani, da injiniyan da zai gina madatsar ruwa, da masanin da zai fid da irin dawa mai jure fari, ba su faɗowa daga sama. Tun suna yara a ke gano su a raine su. Ƙasar da ba ta raini nata ba, tilas ta yi hayar na wasu da tsada.

Amma fa kada wannan ya zama hujjar yin watsi da makarantar firamare ta kowa da kowa. Yaron da bai taɓa shiga aji ba, ta ina za a gane basirarsa? Cikin miliyoyin nan da ke yawo a titi ko bayan shanu, lalle akwai haziƙai da yawa da ba wanda ya san da su. Gyaran firamare da kula da haziƙai aiki ɗaya ne, na farko shi ne tushen na biyu.

WANE NE HAZIƘI?

Nan ne a ke yawan yin kuskure, saboda haka za mu ɗan tsaya. Mutane da yawa suna zaton haziƙi shi ne wanda ya zo na ɗaya a aji. Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuwa na ɗayan nan ya fi 'yan ajinsu shekaru ne kawai, ko a gidansu a na jin Turanci, ko a na biya masa darasin yamma.

Awon basira na zamani a Faransa ya fara cikin 1905, wajen Alfred Binet, nufinsa kuwa shi ne a gano yaran da ke bukatar taimako a karatu. Cikin 1921 Lewis Terman na Jami'ar Stanford, a Amurka, ya yi amfani da irin wannan awo ya zaɓi yara wajen 1,500 waɗanda suka fi kowa maki, aka bi rayuwarsu har tsufa. Yawancinsu sun yi ilmi, sun sami ayyuka masu kyau, wannan kuwa ya nuna awon yana da amfani. Sai dai cikin yaran da aka gwada aka bar su don makinsu bai kai ba akwai William Shockley da Luis Alvarez, waɗanda daga baya suka sami lambar girma ta Nobel a kimiyya, ɗaya cikin 1956, ɗaya cikin 1968. Cikin zaɓaɓɓun kuwa babu wanda ya same ta. Awo ɗaya a rana ɗaya ba ya kama dukan abin da ke cikin mutum.

Saboda haka ne rahoton da Kwamishinan Ilmi na Amurka, Sidney Marland, ya miƙa wa majalisar ƙasarsu, wanda aka buga cikin 1972, ya faɗaɗa ma'anar hazaƙa. Ya lissafa kaifin hankali gaba ɗaya, da gwaninta a wani fanni guda, da iya ƙirƙiro sabon abu, da iya shugabanci, da fasahar zane ko kiɗa ko wasan kwaikwayo, da gwanintar sarrafa jiki. Ya ƙiyasta irin waɗannan yara sun kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100. In muka ɗauki wannan lissafi, ajin da ke da yara 60 yana ɗauke da biyu ko uku. Cikin 1978 wani masani, Joseph Renzulli, ya ƙara da cewa hazaƙa mai amfani ba ta bayyana sai abu uku sun haɗu: basira fiye da ta tsaka-tsaki, da ƙirƙira, da naci ga aiki.

Akawuna musamman za su so labarin Srinivasa Ramanujan, mutumin Indiya. Ya faɗi jarrabawar kwaleji don ba ya kula da kowane darasi sai lissafi, har ya rasa sukolashif, ya kama aikin akawu a ofishin tashar jiragen ruwa ta Madaras. Manyansa na ofis suka lura da abin da ya ke rubutawa, suka ƙarfafa masa gwiwa. Cikin 1913 ya aika da wasiƙa ga G. H. Hardy a Jami'ar Kambirij, a Ingila, shi kuwa ya gane wannan ba ƙaramin mutum ba ne, ya sa aka kawo shi. Ramanujan ya rasu cikin 1920 yana da shekara 32, amma har yau masana suna aiki a kan abin da ya bari. Jarrabawa ta yar da shi, mutane masu lura suka tsince shi.

To, malami me zai duba? Ya dubi yaron da ba ya gajiya da tambayar dalili. Wanda ya kan warware lissafi ta hanyar da ba a koya masa ba. Wanda ya kan kama kuskure a allo ko a littafi. Wanda ya kan haɗa darasin makon jiya da na yau ba tare da an nuna masa ba. Ya dubi yaron da ke ƙera mota da karan dawa da gwangwani har ƙafafunta su juya, da yarinyar da ke lissafa canji a ka kafin mai saye ya gama ƙirga kuɗinsa. Hadda baiwa ce babba, ƙasar nan kuma ta san darajarta. Amma jarrabawar da ba ta nema sai hadda za ta bar mai tunani a baya.

ƘA'IDODIN DA ZA A TSARE

Ƙa'ida ta farko: a gwada kowa, kada a jira sai wanda aka kawo. A wani babban yankin makarantu na Jihar Fulorida, a Amurka, a da sai malami ko iyaye sun gabatar da yaro kafin a auna shi. Cikin 2005 aka canja, aka riƙa gwada dukan yaran aji biyu da jarrabawar siffofi da zane wadda ba ta dogara ga harshe ba. Masana biyu, David Card da Laura Giuliano, sun bincika sakamakon, suka tarar adadin 'ya'yan talakawa da na baƙar fata da na baƙi da aka gano ya ƙaru ƙwarai. Da aka dakatar da shirin saboda ƙarancin kuɗi, adadin ya koma baya. Yaran nan suna cikin aji tun farko, idon malamai ne bai faɗa kansu ba. Wannan darasi ne mai ɗaci ga masu aikin koyarwa, amma ya kamata mu karɓe shi. Ido ya kan ruɗu da riga mai tsabta da Turanci mai daɗi. A kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai mu riƙa neman basira a gidajen da muka saba ganinta, mu manta da cewa ba a raba ta bisa ga unguwa ba.

Indiya ta ɗauki wata dabara da ta cancanci nazari. Bisa ga manufar ilminta ta 1986 ta shiga kafa makarantun kwana na haziƙai da a ke kira Navodaya, gunduma-gunduma, yanzu sun fi 600. Dokarsu ita ce a ƙalla kashi 75 cikin 100 na guraben na yaran karkara ne, kashi ɗaya cikin uku kuma na 'yan mata. Hikimar ita ce a gwada yaro da waɗanda suka sami irin damar da ya samu. Yarinyar da ta fi kowa a makarantar ƙauye marar kujeru, wadda malaminta ɗaya ke riƙe da aji uku, makinta 60 ya iya fin 80 na wanda aka yi wa shiri shekara biyu a birni. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Ya kamata hukuma ta riƙa tambaya kowace shekara: daga nawa cikinsu aka sami ko da yaro ɗaya ya zauna jarrabawar Suleja?

Ƙa'ida ta biyu: kada ƙofa ta buɗe sau ɗaya tak ta rufe har abada. Ingila ta gwada wannan. Bayan dokar ilmi ta 1944 ta riƙa rarraba yara da jarrabawa guda suna da shekara 11, masu ci su tafi makarantar zurfin ilmi, sauran su tafi wata. Aka ga 'ya'yan masu hali sun fi cin moriya, yara da yawa kuma an yanke musu hukunci tun ba su nuna ba. Cikin 1965 gwamnati ta nemi hukumomin ilmi su bar tsarin, yau kaɗan ne suka rage a kansa. Gaskiya ne Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a kan gane ta, amma gero da dawa ba rana ɗaya su ke nuna ba. A bar gurbi ga wanda basirarsa ta bayyana a ƙaramar sakandare, a kuma haɗa sakamakon jarrabawa da shaidar malamai da aikin hannun yaron kansa.

Ƙa'ida ta uku: gaskiya a bakin ƙofa. Wannan ta akawuna da hedimastoci ce kai tsaye. Akwai hanyoyi da yawa na cin amana waɗanda mai yinsu ba ya jin ya yi sata. A rage wa yaro shekaru a takarda don ya yi gasa da ƙannensa. A riƙe takardar shela sai 'yan gida sun cika tasu. A sa sunan ɗan wani babba a gurbin ƙaramar hukumar da bai taɓa kwana cikinta ba. A karɓi 'yar takarda daga sama a ce alfarma ce. Kowace alfarma irin wannan tana da wanda aka zalunta, ko da ba a san sunansa ba, shi ne yaron da gurbin ya dace da shi, wanda zai koma gona bai san an ƙwace masa kome ba. Shi kuma wanda aka cusa ba a yi masa gata ba, gama za a zaunad da shi cikin waɗanda ba zai iya bin sawunsu ba, ya yi shekara shida cikin baƙin ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Makarantar zaɓe in aka san ana shiga ta da alfarma, darajar takardar shaidarta ta zube ke nan, har ga waɗanda suka shiga da guminsu.

Ƙa'ida ta huɗu: abin da a ke koyarwa ya bambanta da gaske. Wasu malamai in yaro ya gama lissafi goma sai su ƙara masa ashirin irinsu. Wannan horo ne a kan ƙoƙari, yaro mai wayo kuwa zai koyi jinkiri don ya tsira. Hanyoyi biyu ne masana suka sani. Ɗaya ita ce zurfafawa: a ba shi matsala mai wuya, a sa shi ya nemo dalili, ya yi gwaji da hannunsa, ya rubuta abin da ya gano. Ɗayar ita ce gaggautawa: in ya ƙware a lissafin ajinsu a bar shi ya ɗauki na gaba. Julian Stanley na Jami'ar Johns Hopkins ya fara wani bincike cikin 1971 a kan yara masu baiwar lissafi, aka bi su shekaru da dama, aka tarar waɗanda aka bari suka yi gaba da sauri sun ci riba, ba a kuma ga ya cuce su ba. Duk wannan ba ya yiwuwa sai da malamin da ya san fanninsa sosai, wanda ba ya jin kunyar ya ce wa almajirinsa su bincika tare. Malamin da ke ɗaukar tambaya mai wuya a matsayin raini ba wurinsa ba ne nan. Wajibi ne kwalejojin horon malamai su koya wa ɗalibansu yadda a ke gane haziƙi da yadda a ke tafiyad da shi, kamar yadda su ke koya musu taimakon mai rauni.

Ƙa'ida ta biyar: tarbiyya. Yaron da aka ce masa ya fi kowa tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya yana cikin hatsari biyu. Ko girman kai ya kama shi ya raina iyayensa da ƙauyensu da harshensa, ko tsoron faɗuwa ya hana shi taɓa abin da bai tabbata zai iya ba. Maganin duka biyun shi ne a yabi aikinsa da nacinsa fiye da baiwarsa, gama baiwa ba shi ya ba kansa ba. A bar shi ya yi wasa, ya yi shara da noma tare da 'yan'uwansa, ya je hutu gida. A kuma sanad da shi tun da wuri wanda ya biya kuɗin karatunsa. Kowa ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski. Ba mu ce a ɗaure ƙafar kowa ba, neman ilmi ya kan kai mutum nesa, amma makarantar da ɗalibanta suka fita ba su jin jama'a na binsu bashi ba ta cika aikinta ba.

Ƙa'ida ta shida: lissafi a fili, da ɗorewa. Makarantar da ke cin kuɗin jama'a fiye da sauran makarantu, hakkin jama'a ne su san abin da ta ke yi. Kowace shekara a buga adadin waɗanda aka ɗauka, daga waɗanne ƙananan hukumomi, mata nawa, nawa daga makarantun gwamnati, nawa daga masu zaman kansu. A riƙa bin sawun waɗanda suka fita a san inda suka kai. Sa'an nan kada kuɗinta ya dogara ga sha'awar mai mulki guda, in ya sauka ɗakin gwaje-gwaje ya zama ma'ajin karyayyun kujeru. Raino aikin shekaru ne, wanda aka ɗauko daga ƙauye da alkawari bai kamata a yashe shi a tsakiyar hanya ba.

ABIN DA KE HANNUNMU

Kome yawan makarantun haziƙai, yawancin haziƙan yaranmu ba za su taɓa shigarsu ba, gurabe ba su isa. A ajin da su ke yanzu za su girma, a hannun malamin da su ke da shi yanzu. Saboda haka kada kowa ya ce wannan magana ta manyan Ma'aikatar Ilmi ce. Akwai abin da malami zai yi gobe da safe ba tare da kwabo ya fita daga aljihunsa ba. Ya tanadi tambaya ɗaya mai wuya a ƙarshen kowane darasi domin wanda ya gama da wuri. Ya ara masa littafinsa. Ya roƙi malamin ajin gaba ya karɓe shi a darasin lissafi. Ya je gidansu ya gaya wa uban abin da ya gani a ɗansa, musamman in 'ya mace ce, don sau da yawa kalma ɗaya daga bakin malami ita ke sa uba ya ƙara wa 'yarsa shekarun karatu.

Hedimasta ya buɗe rajista ya riƙa rubuta sunayen irin waɗannan yara tun daga aji uku, da abin da aka gani a wurinsu, don mai duba makarantu in ya zo ya tarar da shaida. Akawu kuma, ran da takardar jarrabawar zaɓe ta iso, ya fara aika ta ga makarantar da ta fi nisa da ofis, wadda hanyarta ta fi muni, gama na kusa ko ba a aika ba za su ji. Ya rubuta ranar da ta fita da sunan wanda ya karɓa. In akwai kuɗin rajista ko na mota da ya gagari iyaye, ya sanad da shugabannin hukuma da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya.

Waɗannan ƙananan ayyuka ne, ba a buga sunan mai yinsu a jarida. Amma kowane likita da injiniya da malamin jami'a da ya fito daga ƙauye, in aka bi tarihinsa, a kan tarar da wani malami da ya lura da shi, da wani akawu da ya aika da takarda a kan kari. Muna fata malamanmu da akawunanmu za su riƙe wannan amana yadda ya kamata.